Zare: Yadda na zaɓi amfilifaya mai bawul saboda murya

1/
Tun da na ɗora hoton amfilifayata mai kwalabe, tambaya biyu ake ta jefo min: "wai mene ne wannan?" da "wacce zan saya?" Maimakon in yi ta amsawa ɗaya-ɗaya, bari in yi zare guda. Yana da tsawo fa, ku nemi wuri ku zauna. 🧵

2/
Tukuna dai ku san abin da nake nema. Idan burinka gilashin taga ya dinga kaɗawa har maƙwabta su san ka dawo, amfilifayar zamani mai araha za ta yi maka wannan fiye da bawul. Ni kam murya nake bi. In ji mawaƙi kamar yana zaune a tabarma ɗaya da ni.

3/
Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz, wato yawan kaɗawar iska a daƙiƙa ɗaya. Can ƙasa shi ne bas. Can sama shi ne ƙarar kuge da tsit-tsit. Daga wajen 250 zuwa 4,000 kuwa shi ake kira sautin tsakiya, kuma nan murya take zaune.

4/
Kuna son hujja? Layin tarho irin na da yana ɗaukar 300 zuwa 3,400 Hz ne kawai. Babu bas, babu sama. Amma kana ɗaga waya za ka gane muryar mahaifiyarka tun kafin ta gama sallama, har ka san ko ranta a ɓace yake. Duk a wannan ɗan tsakanin.

5/
To ku duba abin da muke saurare. Shata: murya, kalangu, ƴan amshi. Ɗan Maraya Jos: murya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar da iyayenmu suka taso da su. Babu wani bas mai girgiza ƙasa a ciki. Idan tsakiya ta lalace, waƙar duka ta tafi.

6/
Yawancin kayan sautin da ake sayarwa a kasuwa an ƙara musu bas da sama, don shi ne ke burge mai saye cikin minti biyu a shago. Murya sai ta koma baya. Ka ƙara sauti don ka ji ta, sai ta fara suka, don kunne ya fi saurin jin zafi a wajen 2,000 zuwa 5,000 Hz.

7/
Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci shi ne Baba. Yana da kaset-kaset na Shata cike da kwali, na mayar masa da su kan kwamfuta. In na kunna sai ya ce, "Kai, rage, yana sukar kunne." In na rage sai ya ce, "Yanzu kuma ba na jin me yake faɗa."

8/
Shekaru sun ja, kunnensa ba kamar da ba. Na lura ya fara haƙura da sauraron gaba ɗaya, kuma mutum ne da yake iya kawo maka baiti ya faɗa maka wa aka yi wa da dalilin yin sa. Wannan ne ya sa na shiga tara kuɗi, na shiga karatu da tambaya kusan shekara guda.

9/
To mene ne bawul? Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. A ciki akwai waya da ake zafafawa har ta dinga sakin lantarki, ƙaramin sauti ya shigo ya juya wannan kwararar, ya fita da ƙarfi. Mutanen Ingila suna ce mata bawul, na Amurka suna cewa tiyub.

10/
John Ambrose Fleming ya yi ta farko a 1904. Lee de Forest ya ƙara mata waya ta uku a 1906, wadda daga baya ta ba da damar ƙara ƙarfin sauti. Rediyo da silima da tarho duk da ita suka tashi. Sai a 1947 aka ƙirƙiro taransisto a Bell Labs, ya zo ya ture ta a hankali.

11/
Bari in faɗi gaskiya tun yanzu, don kar wani injiniya ya zo ya tsare ni a ƙasan zaren. 😅 In aka sa na'urar awo, amfilifayar taransisto mai kyau ta fi bawul tsafta, ta fi ƙarfi, ta fi sanyi, ta fi araha. Bawul yana ƙara wa sauti wani ɗan launi. Launin ne wasunmu ke so.

12/
Daga ina launin yake? Na ɗaya: kowace amfilifaya tana ƙara ƴaƴan sauti da babu su a asali. Wasu bawul sun fi ƙara wanda ya ninka asalin sau biyu. In mawaƙi ya riƙe 200 Hz, sai a sami ɗan 400 a kansa. Kunne yana jin sa kamar kauri, don sautin ɗaya ne a mataki na sama.

13/
Na biyu: idan aka matsa wa taransisto ya wuce ƙarfinsa, yanke kan sautin yake yi ƙat, sai ka ji tsaga. Bawul kuwa lanƙwasa shi yake yi a hankali. Shi ya sa in mawaƙi ya ɗaga murya farat ɗaya ba ka jin ta kamar an mare ka.

14/
Na uku: bawul ba ya riƙe sifika da ƙarfi kamar taransisto. Saboda haka halin sifikar yana shiga cikin sautin. Da wata sifikar sai murya ta cika ta yi daɗi. Da wata kuma bas ya yi sako-sako ya rufe komai. Ku riƙe wannan, shi ne ginshiƙin zaren.

15/
Wato babu wata amfilifaya da take da laushin murya ita kaɗai a cikin kwali. Laushin yana fitowa ne in ta dace da sifikarka, da ɗakinka, da wutar gidanka. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni "wacce zan saya?" nake mayar masa da "wace sifika gare ka?"

16/
Juya bayan sifikar ko ka duba takardarta, ka nemi lamba biyu. Ta farko kamar 87 dB ko 91 dB: ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya in ka tsaya mita ɗaya daga gabanta. Ta biyu 4 om ko 8 om: irin nauyin da take ɗora wa amfilifaya.

17/
Lissafin mai sauƙi ne. Duk ƙarin 3 dB yana buƙatar ninka wat sau biyu. Tsakanin sifika mai 87 da mai 96 akwai 9 dB, wato ninki takwas. Wat 8 a kan mai 96 daidai yake da wat 64 a kan mai 87. Kun ga yawan wat shi kaɗai ba ya gaya maka komai.

18/
Yanzu gidajen bawul. Gida na farko: kwalba ɗaya a kowane ɓangare, ita ke ɗaukar sautin duka. Sarauniyarsu 300B, wadda Western Electric ta fitar a 1938. Wat 8 take bayarwa. Ƙanwarta 2A3 wajen wat 3 da rabi. Wajen murya, masoyansu ba sa jin kira.

19/
Sai dai suna da sharaɗi. Suna son sifika mai saurin amsawa, daga 93 dB zuwa sama, irin masu bakin ƙaho da kamfanoni kamar Klipsch ke yi. Kwalbar ma da tsada. Ka haɗa 300B da ƙaramar sifika mai 85 dB, ka sayi doki ka ɗaure shi a turke ke nan.

20/
Gida na biyu: kwalba biyu a kowane ɓangare, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kamar mata biyu a turmi ɗaya. Wannan tsarin yana soke yawancin launin nan na ninki biyu, amma yana ba da ƙarfi da bas mai kama jiki. Yawancin abin da za ku gani a kasuwa shi ne.

21/
A wannan gidan akwai uku da za ku yi ta cin karo da su:
EL84, ƙarama, biyu suna ba da wat 10 zuwa 15.
EL34, matsakaiciya, wajen wat 35.
KT88, babba, wat 60 zuwa 75.
Duk tun shekarun 1950 ake amfani da su, kuma har yau ana ƙera su.

22/
Kowacce da gwarzonta a tarihi. Leak Stereo 20 ta Ingila, EL84, wat 10 kowane ɓangare. Dynaco ST-70 ta David Hafler, 1959, EL34 huɗu, wat 35 kowane ɓangare. McIntosh MC275, 1961, KT88, wat 75. Da yawa cikin sababbin da ake yi a Sin yanzu sawun waɗannan suke bi.

23/
A bakin masu saurare, EL34 ita ta yi suna da murya mai ɗumi, EL84 da zaƙi da hanzari, KT88 da ƙarfi da bas. Akwai ƙamshin gaskiya, amma kar ku ɗauke shi kamar doka. Na ji EL34 biyu daga kamfani daban-daban, wallahi kamar ba dangi ɗaya ba.

24/
Dalili kuwa taransifoma. Waɗancan baƙaƙen akwatunan da ke bayan kwalabe. Bawul yana aiki da ɗaruruwan bolt amma ƙaramar kwarara, sifika kuma akasin haka take so. Taransifomar fita ce ke sasanta su, kuma duk sautin da za ka ji sai ya ratsa ta.

25/
Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, tun zamanin rediyon katako yake sana'ar, na kai masa hotuna ina ta nuna kwalabe. Ya ce, "Yaro, bar kallon wuta. Ɗaga ta ka ji." Na ce, "Baba, nauyi kuma?" Ya ce, "Ƙarfe da tagulla ba sa ɓoyuwa."

26/
Gaskiyarsa. Amfilifaya mai EL34 huɗu ta ƙwarai takan kai kilo 15 zuwa 20. In ka ga wadda aka rubuta wa wat 100, da ƴan kwalabe biyu kamar yatsa, kana iya ɗaga ta da hannu ɗaya, to ƙarfin daga wani ɗan guntun taransisto yake fitowa a ciki.

27/
Irin waɗannan ba haramun ba ne, wasu ma suna da daɗin ji. Amma ka san me ka biya. Wasu har fitila ake sa musu a ƙarƙashin kwalbar don ta yi haske a hoto. Bawul na gaske ja-ja yake yi a hankali kamar garwashi, kuma sai ya ɗan ɗumama kafin sauti ya fito.

28/
A bayan ta ƙwarai za ka ga wurin ɗaura waya na 4 om da na 8 om. Fara da wanda ya dace da sifikarka, sannan ka gwada ɗayan. Babu abin da zai lalace a ƙarar da ake ji a ɗaki, kuma sau da yawa murya takan canza. Gyara ne na kyauta da mutane ke mantawa da shi.

29/
Yanzu maganar da Bature mai sharhi a YouTube ba zai yi maka ba: wutarmu. Najeriya 230 bolt ce, 50 Hz. Amurka 120 da 60 Hz. Japan 100. In ka ga tsohuwar amfilifaya ƴar gwanjo daga can, karanta abin da aka rubuta a bayanta kafin ka kusanci soket.

30/
Ko ka sa abin rage bolt, taransifomar da aka naɗa don 60 Hz kawai takan fi ɗaukar zafi a 50 Hz. Na Sin kuma da yawa 220 aka yi su. In wuta ta zo 240, wayar da ke zafafa kwalbar, wadda 6.3 bolt take so, sai ta sha fiye da ƙima, kwalba ta tsufa da wuri.

31/
Saboda haka kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin amfilifaya, ka lissafa shi tun farko. In inbata gare ka, ka tabbata mai tsaftatacciyar wuta ce, don mai arahar nan tana sa taransifoma gurnani. Ƙaramin janareta kuwa ni ban yarda in haɗa ta da shi kai tsaye ba.

32/
Kuma in an ɗauke wuta, tashi ka kashe ta. Abin da bawul ya tsana shi ne a ɗauke a dawo da ita cikin daƙiƙa biyu yana da zafi. Mun san halin wutarmu, tana iya yin haka sau uku kafin ka gama waƙa ɗaya. Ba ta minti ɗaya ko biyu kafin ka sake kunnawa.

33/
Sai zafi. EL34 ɗaya tana shan kusan wat 9 da rabi don ɗumama kanta kawai. Huɗu, wat 38, ba a fara waƙa ba. Amfilifayar gaba ɗaya takan ci wat 150 zuwa 200 ko sauti na fita ko ba ya fita. Ku tuna da watan Afrilu a Kano, sama da digiri 40, ga batirin sola.

34/
EL84 kuwa kusan rabin haka take sha wajen ɗumama, ƙasa da wat 5 kowacce. Amfilifaya mai huɗu takan tsaya a wajen wat 100. A ƙasar sanyi wannan bambancin ba komai ba ne. A ɗakina da batirina, shi ne bambancin in saurara da dare ko in haƙura.

35/
Akwai kuma saitin kwararar da kwalba ke sha in tana zaune. Wasu amfilifayoyin sai ka sa mita ka murɗa ɗan sukuru duk lokacin da ka canza kwalba. Wasu kuma da kansu suke daidaitawa. In ba ka saba da mita ba, ga wuta mai hawa da sauka, nemi mai daidaita kanta.

36/
Bawul yana ƙarewa kamar taya. Manyan sukan yi awa dubu biyu zuwa ƴan dubbai, ƙananan kamar ECC83 sun fi daɗewa sosai. Masu ƙera su kaɗan ne: JJ a Sulobakiya, masana'antar Saratov a Rasha, da wasu a Sin. A 2022 da yaƙin Yukiren ya tashi, farashi ya yi sama.

37/
Darasin: zaɓi kwalbar da kamfani fiye da ɗaya ke yi, kuma ka sayi saiti na ajiya tare da amfilifayar. A sayo su a matsayin tagwaye da aka auna suka dace. Ba abu ne da za ka shiga kasuwa ka tsinta a kowane shago ba, odarsa kuma sai ka yi makonni kana jira.

38/
Gargaɗi biyu, don Allah ku riƙe. Kar ka taɓa kunna ta babu sifika a haɗe, taransifomar fita tana iya ƙonewa. Kuma kar ka buɗe cikinta. Akwai bolt 400 zuwa 500, kuma yana iya zama a ciki bayan an cire soket. Wannan kisa yake yi. Kai wa wanda ya iya.

39/
In akwai yara a gidan, sayi mai kejin ƙarfe a kan kwalaben, ka ɗora ta inda hannu ba ya kai. Gilashin yana ƙona fata nan take. Bar mata sarari a sama ta sha iska. Lokacin hunturu in ta huce ka rufe ta da ƙyalle, ƙura ba ta raga wa soket ɗin kwalba.

40/
To yaya ake gwaji? Tafi da waƙar da ka sani kamar tafin hannunka, kar ka yarda da wadda mai shago ya zaɓa. Fara da maganar mutum zalla, kamar labaran rediyo. Kunne ya fi sanin murya fiye da kowane kayan kiɗa, ƙaramar ƙarya ma yana kama ta.

41/
Daidaita ƙarar kafin ka kwatanta biyu, don wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita ke cin gasa. Sannan ka rage sauti sosai ka ga ko kalmomi suna nan. Ka zauna aƙalla minti talatin. In ka ji hannunka yana son ragewa, akwai suka. In ka manta da rimot, ka kusa.

42/
Ku kula, laushi daban, dushewa daban. Wata amfilifayar sare sama kawai take yi, sai komai ya zama kamar ana magana ta cikin bargo. Gwajina shi ne harafin s da ts da ƙ. Su fito sarai ba tare da sun soke ni ba, kuma in rarrabe muryoyin ƴan amshi.

43/
Ɗaki ma yana da baki a maganar. Tayil da bangon siminti tsirara suna mayar da sauti ya yi kaifi. Shimfiɗa kafet tsakaninka da sifika, sa labule mai kauri, janye sifikar daga bango kamar rabin mita. Yi wannan kafin ka kashe ko sisi, wataƙila rabin matsalar ta tafi.

44/
Ni me na zaɓa? Ɗakina mita 4 ne da 4. Sifikata 89 dB, 8 om. Na ɗauki mai EL84 huɗu, wat 12 kowane ɓangare, mai daidaita kanta, 230 bolt. Wat 12 yana ƙara kusan 11 dB, wato wajen 100 dB a mita ɗaya. Ya wuce abin da zan iya zama a ciki.

45/
Zuciyata ta so 300B, ba zan ɓoye ba. Amma sai na canza sifika, kuma kuɗin kwalba biyu na ajiya ya isa wata hidimar. EL34 kuma zafinta da cin batirinta suka hana. Da falo babba gare ni ko sifika mai 86 dB, EL34 zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

46/
Baba kuwa yanzu a ƙaramin sauti yake saurare. Bai san sunan ko kwalba ɗaya ba, bai kuma tambaya ba. Abin da na lura shi ne ya daina cewa a rage, ya koma tsayar da waƙa yana ba ni tarihin mutanen da ake ambata. Wasu labaran ban taɓa jin su ba sai bana.

47/
Kar ku ce na ce bawul maganin kunne ne. Wanda jinsa ya ragu, likita zai gani. Kuma kaset ɗin da aka naɗa da kyau shi ke fita da kyau, wanda ya shaƙe tun asali babu kwalbar da za ta gyara shi. Abin da ta cire mana shi ne sukar da ke hana a zauna.

48/
Wa zan ce kar ya saya? Mai son kiɗan biki da bas. Mai barin kaya a kunne tun safe har dare. Wanda wutarsa janareta ce kawai. Da wanda zai ci bashi. Amfilifayar taransisto mai kyau da sifika mai kyau za su kai ka nesa, ba abin kunya ba ne ko kaɗan.

49/
Wanda kuma ya ƙudura, ga jerin yadda zan bi:
sifika da lambobinta,
girman ɗaki,
wutar gida da sitabilaiza,
nauyin taransifoma,
kwalbar da ake samu,
sannan kunnenka.
Sunan kamfani da kyan hoto su zo a ƙarshe.

50/
Mai son shawara ya rubuto min abu uku a ƙasa: dB da om na sifikarsa, girman ɗakinsa, da irin wutar da yake amfani da ita. Da su zan iya cewa EL84, ko EL34, ko kuma "Malam, riƙe kuɗinka ka sayi kafet." Zan bi su da daddare in an kawo wuta. 🙏